Fitilar Falon Ango

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da tambayar me ya sa Saude ba ta kira Binta a waya ba, don Allah ku sarara min. Abin nan ya faru ne ana dab da shiga shekarar dubu biyu, lokacin da in kana da magana da mutumin Guri sai ka je tashar Hadejia ka ba direba saƙo, ka kuma yi addu'a kar ya manta. Ga shafinku.

*

Tun daga zaure Saude ta gane Hajiya 'Yar'azumi ba ta canja ba. Ƙiba ce ta ƙaru, sai haƙorin Makka da ya zama biyu.

"Lale, lale da mutanen Guri," in ji Hajiya, tana tsaye a ƙofar sabon sashen da aka gina wa ɗanta Bunu. Baki na lale, hanci na nasa aikin. "Kifi kuka riƙo mana ne, ko motar ce ta yi dakonsa jiya?"

Tani, ƙanwar uwar amarya, ta yi dariyar yaƙe tana shinshina gefen mayafinta a ɓoye. Saude ko kallon nata mayafin ba ta yi ba. Bandar kifi ce sana'arta, da ita ta raini 'yarta, ba ta kuma taɓa jin kunyar hayaƙinta ba.

"Ɗaki muka zo gani, Hajiya."

"Ai ga shi nan. Sai dai a karkaɗe ƙafa, kafet ne."

Da son ran Saude ne da ba ta taka gidan nan ba har ta mutu. Amma Binta 'yar yayanta Sama'ila ce za ta auri Bunu, kuma kafin a je wurin kafinta da mai labule dole mata daga dangin amarya su zo su ga ɗaki su auna. Ita ce gwaggo, babu wata. Sama'ila ya yi ta ba ta baki har ta ɗauki mayafi. Shi ma tare suka shigo gari, ya tsaya a rumfar kafinta a bakin layi yana jiran awo, don uban amarya ba ya leƙa gidan surukai ana saura kwanaki biki.

Abin da ke tsakanin matan biyu kuwa ba ƙarami ba ne. Shekarun baya Ari, ɗan ƙanin Hajiya, ya nemi Safara'u, 'yar Saude tilo. An kai gaisuwa, an sa rana, an kawo lefe. Sai Hajiya ta ce ita za ta je bincike da kanta. Ta bi gida-gida a Guri har ta samo wata tsohuwa da ta tuna cewa Safara'u tana goye ta taɓa yin zazzaɓi mai zafi har jikinta ya yi jijjiga. Sau ɗaya, tana jaririya. Hajiya ta tsaya a tsakar gidan Saude, mata cike, ta ce su zuriyarsu ba ta haɗa jini da masu farfaɗiya. Aka kwashe akwatuna a gaban yarinyar. Tun daga ranar babu namijin da ya sake sallama da Safara'u. Ko a wurin ɗibar ruwa, in ta sha a moɗa, sai an ɗauraye kafin wata ta kai baki.

Wannan matar ce yau ke nuna mata kafet.

Tani ta kwance igiyar awo daga ƙugunta. Ta kama baki ɗaya, Saude ta ja ɗayan zuwa bango, suka ƙulla ƙulli a inda ɗakin ya tsaya.

Hajiya ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Igiya? Na ɗauka akuya za ku ɗaure."

"Da ita aka auna ɗakin kowa a garinmu," in ji Saude, "kuma gado bai taɓa ƙin shiga ba."

"Gadon kara ai ko'ina shiga yake."

Saude ta haɗiye. Ta yi wa Sama'ila alkawari ba za ta tanka ba, ga shi tun ba a je ko'ina ba alkawarin ya fara yi mata nauyi.

Suka auna uwar ɗaka, suka auna taga. Hajiya na biye da su tana lissafa abin da ba a tambaye ta ba. Silin daga Kano. Fenti mai santsi ne, ba farar ƙasa ba. Banɗakin na zama ne, in Binta ba ta iya ba a koya mata tun a gida kar ta hau da ƙafa ta fasa.

"Binta malamar makaranta ce, Hajiya," in ji Saude.

"A Guri."

Sai ta dubi Tani.

"Ke, kicin yana ta baya, je ki ɗaura masa igiyarki. Ke kuma Saude zo ki ga abin da za ki ba da labari in kin koma."

Tani ta fita sumui-sumui. Hajiya ta ja Saude zuwa tsakiyar falo ta nuna sama. Wani abu ne mai rassa kamar goriba ya sauko daga silin, kowane reshe da ƙwan fitila a bakinsa. Ƙwayayen ba irin waɗanda Saude ta sani ba ne. Farare ne, sirara, an lanƙwasa su gida biyu.

"Kin taɓa ganin irinsa?"

"Ban taɓa ba."

"Ina za ki gani. Enaji sunansa. Ba ya shan wuta, ba ya zafi, haskensa fari tas. Ko a Hadejia gidajen da ke da shi ba su da yawa." Ta tafa hannu. "Yaron nan da shegen taurin kai ya cika min falo da jan ƙwai irin na masu tsire. Na ce wallahi ba za a zo ganin ɗaki a tarar da wannan abin kunya ba. Yana fita ofis da safe na taka tebur da kaina na kwance su na ɗaura waɗannan."

Saude ta dubi Hajiya, ta dubi teburin gilashin, ta tausaya wa teburin.

"Ba ki ga komai ba tukuna. Dubi nan."

A jikin bango, inda makunni ya kamata ya kasance, wani ɗan dunƙule ne mai juyawa irin na fanka.

"Dima ke nan. In kin murɗa nan haske ya ƙaru, in kin murɗa nan ya ragu ya yi lumshi. Ba irin aci-balbal ɗinku ba da sai an ja lagwani da tsinke."

"Allah ya sanya alheri."

"Bari in rufe labule ki gani da kyau, da rana ba ya nuna kansa."

Tana cikin jan labulen aro da aka rataya kafin na amarya ya iso, aka yi sallama a ƙofa.

Bunu ne, ya dawo daga ofishin gona, da ledar lemo a hannu. Dogo ne siriri, mai sanyin murya. Tun da aka fara maganar auren nan Saude ke neman abin da za ta tsana a jikinsa ba ta samu ba, abin har haushi yake ba ta. Ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Gwaggo, sannu da zuwa. Ya hanya? An ce ruwa ya ci gefen titi wajen gada."

"Mun wuce lafiya, Bunu. Ya aiki?"

"Shigo ciki mana," in ji Hajiya, "ka tsaya a ƙofa kamar baƙo. Turo ƙofar, haske na shigowa."

Ya shigo ya tura ƙofa. Falon ya yi duhu. Hajiya ta danna dunƙulen, haske fari ya cika ɗakin har sai da Saude ta runtse ido.

Bunu ya ɗaga kai da sauri.

"Hajiya, wa ya canja ƙwayayen nan?"

"Ni. Ka ga yadda falo ya fito?"

"Hajiya kar ki murɗa. Don Allah kar ki..."

Ai ta riga ta murɗa. Idonta na kan Saude, tana jiran ta ga baƙauya ta saki baki.

Hasken bai yi lumshi ba. Ƙara ya fara yi, zzzz, kamar an rufe ƙuda a kwalba. Sai ya hau ƙyaftawa. Fari, duhu, fari, duhu, da sauri da sauri, kowane ƙwai da nasa lokacin, har bangon ɗakin ya zama kamar yana tsalle.

"Af," in ji Hajiya, "bari in daidaita shi."

Ta ƙara murɗawa. Abin ya ƙara haukacewa.

Saude ta juya za ta ce a kashe, idonta ya sauka kan Bunu. Yana durƙushe inda yake, fuskarsa a sama, idanunsa a kafe kan fitilar kamar an ɗaure su. Ledar lemon ta suɓuce daga hannunsa. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ba magana ba ne, jikinsa ya sanƙare, ya tafi gaba ɗaya ya daki teburin gilashi da goshi.

Teburin ya tarwatse.

"Bunu!"

Hajiya ce ta ƙwalla. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba sai yau.

Ƙafafunsa na dukan kafet, hannuwansa na fizga, kumfa na fitowa ta gefen bakinsa. Saude ta yi kan dunƙulen ta murɗa, ba ta san ina ne kashewa ba, ƙarar ta ƙaru. Ta sake shi ta cafki labule ta fizge shi da ƙarfinta har sandar ta faɗo. Rana ta shigo. A sama ɗaya daga cikin ƙwayayen ya yi ɗas, ya mutu, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Sai a lokacin Hajiya ta tuna yadda ake danna abin ya ɗauke.

Saude ta zube a gaban Bunu. Ta share fasassun gilasai da gefen hannu, ta tura masa matashin kujera ƙarƙashin kai, ta juya shi kan haƙarƙarinsa. Jini na bin girarsa.

"Hajiya, kawo ruwa da tsumma!"

Ta waiga. Hajiya na bakin ƙofa. Ba fita za ta yi neman taimako ba. Makulli take murɗawa.

Daga waje Tani na buga ƙofa.

"Lafiya? Me ya fashe? Saude!"

"Ba komai!" in ji Hajiya da wata murya mai zaƙi. "Tebur ne. Je ki ƙarasa awonki."

Aka ji takun Tani ya yi nisa da gudu, ba ta wajen kicin ba.

Jijjigar ta fara lafawa. Numfashinsa ya dawo da ƙarfi, yana jan sa kamar mai minshari. Saude ta cire mayafinta ta goge masa baki, ta ninke wani gefen ta danne goshin. Hajiya ta matso, amma ta tsaya nesa da inda yawun ya zuba, har da tattare zaninta.

Saude ta ga wannan tattare zanin. Duk abin da aka yi mata yau babu wanda ya kai shi tayar mata da zuciya.

"Ɗanki ne fa."

"Na sani."

"Ki taɓa shi mana."

Hajiya ba ta motsa ba.

"Zai yi barci yanzu," ta ce a hankali. "Haka yake yi. In ya faɗi sai ya yi barci mai nauyi, ba ya jin komai, in ya tashi ba ya tuna komai."

"Haka yake yi," Saude ta maimaita. "Wato ba yau farau ba."

"Saude..."

"Tun yaushe?"

"Iska ce ta taɓa shi yana yaro, a fadama..."

"Ni za ki yi wa iska? Ni? Ki kira abin da sunansa. Kin iya sunan ai, a tsakar gidana kika faɗe shi, har da ɗaga murya don na bayan katanga su ji."

Hajiya ta zauna a hannun kujera. Duk iskar da ke cikinta ta fita.

"Tun yana firamare. Yana shan magani, wani likita ne a Kano. Ya yi shekaru bai faɗi ba, wallahi ya yi shekaru. Abu ɗaya ne ke tayar masa, haske mai ƙyaftawa. Shi ya sa ko dogon ƙwai babu a gidan nan."

"Shi ne kika ɗaura masa wannan a ka."

"Ya gaya min farin ƙwai ba ya shiri da dima. Ya ce in an rage masa wuta ba ya raguwa, ƙyaftawa yake yi har ya ƙone, jan ƙwai kaɗai ke jure wa abin. Na ɗauka dogon yake nufi. Wannan gajere ne, sabon samfuri, na ce ai ba ɗaya ba ne..."

"Kika taka tebur."

"Don a fita kunya na yi."

"Kunyar wa? Tawa? Ni mai warin kifi?" Saude ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. "Kin kusa kashe ɗanki don ki burge matar da kika ce a karkaɗe ƙafa. Kai, Hajiya, kin yi asara."

Hajiya ta sunkuyar da kai.

"Lokacin da kika zo Guri bincike," in ji Saude, "yana shan maganin?"

Hajiya ta kawar da kai.

"Tambayarki nake."

"Yana sha."

"Kika baro shi a gida da ƙwayoyinsa, kika hau mota, kika keta ruwa, kika je kika tsaya kan 'yata."

"Tsoro nake ji, Saude. Na ce in jini ya haɗu da jini a dangi, abin zai yi yawa, mutane za su fara tono, su tono har kansa..."

"Sai kika ba su Safara'u su ci, don kar su ji yunwar naki."

"Ban san abin zai bi ta haka ba."

"Ƙarya kike! Ke da kika tattare zani yanzu don yawun ɗan cikinki, ke ce ba ki san yadda abin ke bin mutum ba?"

Bunu ya yi wani nishi, ya motsa hannu, ya sake lafewa. Saude ta sassauta murya ba don Hajiya ba. Ta ɗaga mayafin ta duba, jinin ya fara tsayawa. Ta dubi fuskarsa, tausayi ya kama ta, haushin tausayin ya kama ta a kai. Yaron bai yi mata komai ba. Ciwo ne, Allah ke ɗora wa wanda ya so. Da a ce an zo an faɗa musu da baki, ita da kanta za ta zaunar da Binta ta ce ki duba zuciyarki, in kina son sa a haka ki aure shi. Amma a rufe yarinya a kai ta ɗaki, ta tashi wata rana ta ga miji na dukan ƙasa ba ta san me za ta yi ba, wannan mugunta ce.

"Binta ta sani?"

"A'a."

"Shi bai gaya mata ba?"

"Ya so. Sau nawa yana zuwa min da maganar." Hajiya ta goge hanci da bakin gyale. "Na ce masa ranar da ya buɗe baki ya gaya wa wani, ban yafe masa nonon da ya sha ba."

Saude ta girgiza kai.

"Ke ko kunyar Allah ba kya ji."

"Ki faɗi duk abin da kike so, na cancanta. Amma ki rufa min asiri."

"Asiri? Yaya Sama'ila na bakin layi. Daga nan wurinsa zan je, in gaya masa abin da idona ya gani, shi da 'yarsa su yanke abin da za su yanke."

Ta yunƙura za ta tashi. Hajiya ta zamo daga kujera, gwiwoyinta suka daki kafet, ta kama ƙafar Saude da hannu biyu. Ƙafar da aka ce a karkaɗe.

"Gwaggon Binta. 'Yar uwata. Ki tsaya ki ji."

"Sake ni."

"In maganar nan ta fita ya ƙare. Ba aure kaɗai ba. A ofis ba mai sake cin abinci da shi, a masallaci za a dinga matsawa daga sahunsa. Kin san mutanenmu."

"Na san su. Ke kika gabatar min da su."

"Ari," in ji Hajiya da sauri. "Ari matarsa ta fita tun bara. Ba shi da kowa. Wallahi har yau in an ambaci Guri sai ya yi shiru, bai taɓa yafe min ba. Ni na kwance, ni zan ɗaura."

Saude ta tsaya.

"Me kika ce?"

"Zan je Guri da ƙafata. In tsaya a tsakar gidanki, inda na tsaya, ki tara matan da suka ji na farko har da waɗanda ba su ji ba. In ce ƙarya na yi wa Safara'u, lafiyarta ƙalau, sharri ne da son zuciya irin nawa. In dafa Alƙur'ani in kina so. In dawo da lefe da hannuna. Kafin azumi tana ɗakinta."

"Kin mayar da ni 'yar kasuwa ke nan. In ba ki Binta ki ba ni Safara'u."

"Ba cutar da Binta za a yi ba! Yana shan magani, kin ji da kunnenki, yau ɗin ma laifina ne. Zan cire ƙwayayen nan in zuba su a masai. Za ta iya shekara goma ba ta ga komai ba."

"Tir da halinki."

"Na karɓa. Ki ce tir, amma ki yi tunanin 'yarki."

Saude ta so ta tofa mata yawu. Bakinta ya bushe.

Don tana tunanin 'yar tata, ba sai an ce ta yi ba. Safara'u da ta fi duk sa'o'inta kyau, yanzu tana zaune bakin tanda daga safe zuwa yamma tana juya tarwaɗa, idanu sun yi ja da hayaƙi. 'Yan matan unguwa da ta girma sun yi aure sun haihu. In ana biki a unguwa sai ta ce kanta na ciwo, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ko ɗinkin bikin Binta da aka kawo mata, ninke shi ta yi ta sa a ƙasan akwati ba ta gwada ba. Ba ta taɓa yi wa uwarta kuka ba, abin da ya fi ci wa Saude rai ke nan. Babu boka, babu malami, babu mai gari da zai iya wanke yarinyar nan. Bakin da ya ɓata ta shi kaɗai zai iya, ga shi kuma a ƙasa yana roƙo.

Sai Binta ta faɗo mata a rai. Binta da ta rako su har bakin mota da safe, ta riƙe mata hannu tana dariya, ta ce, "Gwaggo, ki duba min komai da kyau, idonki ne idona."

"Tashi daga ƙafata," in ji Saude. Muryarta ba ta fito da ƙarfin da ta so ba, kuma Hajiya ta ji hakan.

"Ki ce kin yarda."

"Ban ce ba."

"Ba ki ce a'a ba."

Aka yi sallama daga tsakar gida. Muryar namiji ce, da haki a cikinta.

"Salamu alaikum! Masu gida, a gafarce ni, na shigo ba izini."

Sama'ila ne. Mutumin da ko ƙofar gidan ba ya son a gan shi a bakinta, yau ga shi har ƙofar falo. Tani na bayansa tana faɗin ita dai ta ji ihu, ta ji abu ya fashe, an kuma kulle ƙofa.

Ya ƙwanƙwasa.

"Saude? Kina ciki? Lafiya?"

Hajiya ta ɗago fuska, hawaye ya wanke kwallin har haɓa. Leɓenta kawai ya motsa da sunan Safara'u.

"Saude, magana nake! Faɗa kuka yi? Wani abu ya sami wani?"

Saude ta dubi ƙofa. Duk rainin da ta ɗauko daga Guri ta kawo gidan nan yana nan a ƙirjinta, sai dai yanzu ta rasa a kan wa za ta sauke shi. Ta buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya, Allah ya sani da niyyar ta buɗe.

"Lafiya lau, Yaya," ta ji bakinta na faɗa. "Ƙwan fitila ne ya fashe, muka tsorata. Koma wurin kafinta, ga mu nan fitowa da awo."

Hajiya ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta saki ƙafar.

"To, alhamdu lillahi," in ji Sama'ila daga waje. "Tani, kin tayar min da hankali a banza. A ba Hajiya haƙuri."

Takunsa ya fara juyawa.

Wani abu ya taɓa hannun Saude. Ta duba ƙasa. Idon Bunu a buɗe yake, ja wur, kuma ba kan uwarsa yake ba, a kanta yake. Ba ta san tun yaushe ya farka ba. Kallon da ya yi mata babu zargi a ciki, da ma zargin ne da ya fi mata sauƙi.

Ya dafa kafet, ya ɗaga kai da ƙyar, mayafinta na manne a goshinsa.

"Kai!" in ji Hajiya cikin raɗa. "Kai, na rantse in ka..."

"Baba," Bunu ya kira, harshensa na harɗewa, amma muryar ta kai tsakar gida. "Baba, kar ka tafi. Ba fitila ba ce. Gwaggo, buɗe masa ƙofa."